Ranar da Inna Ta Je Karɓo Agwagwarta

Duk wanda ya san mahaifina a Jalingo, da an ambace shi magana ɗaya yake yi: "Kai, bawan Allahn nan akwai kyauta." Na ji ta a kasuwa, na ji ta a gidajen suna, har wani direban keke ya taɓa faɗa mini ita da ya gane 'yar wa ce ni. Nakan yi murmushi in ce na gode. Ba ƙarya suke yi ba, Baba yana da kyauta. Sai dai babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya da kayan wa yake yin ta.

Tela ne, shagonsa yana cikin kasuwa. Kakanmu ya zo daga Katsina da fatauci ya zauna a unguwar Turaki, a can aka haifi Baba, ni ma a can aka haife ni. Ina farkon sakandare muka bar gidan gado muka koma bayan gari, inda Baba ya sami fili mai ɗan faɗi da ya gangara zuwa wani kwari da ruwa ke kwanciya da damina. Inna na ganin kwarin nan ta ce ta sami abin yi. Da 'yan kaji da agwagwa ɗaya da ƙanwarta ta ba ta ta fara, kafin 'yan shekaru sai ga tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa.

Wanda bai yi kiwo ba gani yake hatsi kawai ake watsawa a koma a zauna. Mu da mun idar da sallar asuba aiki ya fara. A buɗe akurki, a share kashi a kai bayan gida inda muke shuka masara, a wanke kasko, a jawo ruwa a rijiya a cika, a kwaɓa dusa. Agwagi ba su san a bar ruwa da tsabta ba, kina cika kasko kafin ki juya sun shiga da ƙafafu sun mai da shi kunu. Da rana kuma ido yana sama saboda shirwa. Sau nawa Inna ta saki muciya tuwo na kan wuta ta fito da gudu tana ihu tana kaɗa zane don an kawo wa 'yan tsaki hari. Shekarar da ciwo ya shigo unguwa kaji na faɗuwa gida gida, ita kaɗai ta riƙa bin nata ɗaya bayan ɗaya tana buɗe baki tana ɗura musu jiƙon maɗaci da barkono. Tafin hannunta duk ya tsage. Ni kuwa a makaranta akwai wata yarinya da idan na zauna kusa da ita sai ta ja kujera ta ce warin agwagwa nake yi. Da ƙwan nan da kajin nan aka yi mana littattafai da takalma, da su ake cefane duk lokacin da ɗinki ya yi ƙasa.

Baba bai taɓa leƙa akurki ba. Idan zai fita da safe, tattare babbar rigarsa yake yi yana taka ƙasa da tsinin takalmi yana cewa, "Wai ba za a share tsakar gidan nan ba ne?" alhali yanzu aka ajiye tsintsiya. Amma bari baƙo ya yi sallama. Ko zama bai gama yi ba sai ki ji muryar Baba daga zaure: "Ke, a kama wa baƙo kaza." Ba ya tambaya wacce ke ƙwai, wacce aka ware don sayarwa. Abokin hira ya zo, a yanka. Wanda ya kawo ɗinki ya biyo shi gida, a ɗaure masa zakara ya tafi da shi. Har wani mutum akwai da ya zo tambayar hanya, hira ta yi daɗi aka gano kakanninsu garinsu ɗaya, ya tafi da budurwar kaza a hammata yana ta sa wa Baba albarka. Inna tana tsaye a bakin madafa, baƙon ko kallon inda take bai yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inna ba ta musu a gaban baƙo. Idan an watse takan ce a hankali, "Malam, waccan fa ƙwai take yi." Shi kuma ya ce, "Allah zai mayar da wata." Maganar ta ƙare ke nan.

Cikin masu zuwa babu kamar Baffa, ɗan wan kakanmu, wanda yake zaune a Mutum Biyu yana sayen hatsi. Ya girmi Baba, kuma Baba yana jin nauyinsa ƙwarai. Duk abin da ya kawo shi Jalingo, ko taki ko asibiti ko gaisuwar mutuwa, sai ya biyo ta gidanmu, kuma bai taɓa komawa hannu rabbana ba. Shi ba ma ya jira a ba shi. Yakan zaga tsakar gida hannu a baya yana duba kaji kamar wanda ya zo rumfar mai sayarwa.

Abin ya faru ne da damina, ina ajin ƙarshe. Akwai wata babbar agwagwa baƙa mai farin wuya, uwar garke, kusan duk agwagin gidan 'ya'yanta ne ko jikokinta. Ta yi sheƙa a lungun rumbu ta kwanta a kan ƙwai cike da sheƙar, an daɗe ana jira, saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe. Kwancin agwagwa ya fi na kaza tsawo, kuma duk tsawon lokacin nan Inna har wurin take kai mata ruwa da tsaki don kada ta yi nisa da ƙwan.

Ran Asabar da hantsi Inna ta tafi injin niƙa sayen dusa. Ba ta jima da fita ba Baffa ya iso. Na kai musu ruwa da fura a zaure, suka taɓa hira, sai ya taso zagayensa na kullum, Baba yana biye da shi. Ya tsaya a lungun rumbu ya sunkuya.

"Kai, wannan ai ta isa iri," in ji shi. "Nawa duk ƙanana ne, ba sa auki."

"Ai taka ce, Yaya," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Kawo igiya ki ɗaure wa Baffanki ita."

Na ce, "Baba, kwanci take yi. Ta kusa ƙyanƙyasa."

"Na tambaye ki?"

"A bari Inna ta dawo mana. Ga waɗancan can da yawa, a ba shi ko wacce yake so."

Baffa ya yi dariya ya ce, "Ashe a gidan nan sai an nemi izinin mata." Wannan magana ce ta gama komai. Na ga fuskar Baba ta canza. Ya sake cewa in kawo igiya, na tsaya inda nake ban motsa ba. Sai ya naɗe hannun rigarsa, mutumin da bai taɓa kama ko ɗan tsako ba, ya durƙusa ya cusa hannu cikin lungun. Agwagwar ta yi huci ta sare shi a yatsa, ta dinga dukansa da fukafukai har hularsa ta faɗi cikin taɓo. Ya jawo ta da ƙafa ɗaya, garin haka ƙwai biyu suka fashe. Na ga ɗan da ke cikin ɗaya, jiƙe, da bakinsa da ƙafafunsa, yana motsi kaɗan. Baffa ya ciro tsumma a aljihu ya ɗaure ƙafafunta. Baba ya raka shi ya hau keke, daga nan ya wuce shago.

Inna ta dawo wajen azahar, keke ya sauke ta a bakin hanya ta ƙaraso da buhun dusa a ka. Ina ba ta labari ina kuka. Ta ajiye buhun ta nufi lungun rumbu ta ɗora bayan hannunta a kan ƙwan. "Da sauran ɗumi," in ji ta. Akwai wata kaza da ke kwanci a akurki, ta ɗaga ta ta cusa mata iya waɗanda za ta iya rufewa. Ta aiki ƙanena ya kira maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Mumuye mai noman doya da muke kira Mama. Mama ta zo ta ga abin da ya faru ta riƙe baki. "Wayyo, Inna, wane ya yi maka wannan? Kawo, kaza na ma yana kwanci." Ta ɗebi wasu a haɓar zanenta ta tafi tana takawa a hankali. Sauran Inna ta jera su a ƙwarya ta lulluɓe da tsohon bargo ta ajiye kusa da murhu.

Sannan ta wanke ƙafa, ta yi sallah, ta ɗauki mayafi ta ce mini, "Sa hijabinki."

"Ina za mu, Inna?"

"Mutum Biyu."

A tasha mun daɗe muna jiran mota ta cika. Aka cusa mu a baya tare da wata mata mai jarkokin manja. Duk tsawon hanya, gonakin masara da shinkafa na wucewa, motar na faɗawa ramuka. Hannayen Inna na kan cinya, dusa ta maƙale a ƙarƙashin farcenta. Ni kuwa ina ta shirya maganganun da zan gaya wa Baffa, waɗanda na san ba zan iya faɗa ba.

Mun isa bayan la'asar. Muna shiga gidan na hango agwagwar a gindin mangwaro, a kwance ta gefe ɗaya, ƙafafu a ɗaure, baki a buɗe tana haki. Ko ruwa ba a ba ta ba. Kusa da ita tukunya ce a kan wuta ruwa na tafasa, ga wuƙa a kan turmi. Wai iri. Ashe surukansa ne za su zo cin abincin dare.

Baffa na zaune a kan tabarma yana sauraron rediyo. Inna ta cire takalmi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi hanya, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ba ta rage komai ba. Ya amsa yana kallonmu da mamaki.

"Lafiya dai? Wani abu ya sami ƙanena?"

"Lafiya lau, Yaya. Agwagwar nan na zo ɗauka. Ƙwai take kai, 'ya'yan za su mutu. Idan ta ƙyanƙyashe ni da kaina zan aiko maka da biyu daga ciki."

Ya kashe rediyon. "Me kika ce?"

Ta maimaita, muryarta ba ta ɗaga ba.

"Mijinki ya san kin zo?"

"Bai sani ba."

Sai ya miƙe tsaye. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin rashin ta ido irin wannan ba. Ya ce maigida ya yi kyauta da hannunsa, mace ta hau mota ta biyo sawu kamar an yi mata sata. Ya ce shi ba matsiyaci ba ne, yana da abin da zai sayi agwagin Jalingo gaba ɗaya. Yara suka taru a bakin ƙofa, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. "Ba ki san mai karɓe kyauta amai yake lashewa ba?" in ji shi.

Inna ta ce, "Ni ban yi amai ba, Yaya, balle in lashe."

Ta tashi ta je gindin mangwaron ta kwance tsumman. Ƙafa ɗaya ta kumbura. Matar Baffa, wadda tun shigowarmu take tsaye a bakin madafa, ta shiga ɗaki ta fito da kwali ta huda shi da wuƙar nan, ta kawo ruwa a kwano ta ajiye gaban agwagwar. Mijinta ya daka mata tsawa, ta yi kamar ba ta ji ba. Da za mu fita ta raka mu har ƙofa ta ce wa Inna ƙasa ƙasa, "Ki gaida gida. Allah ya raya su."

Mun shigo Jalingo ana kiran isha. Baba na zaune a ƙofar gida, Baffa ya riga ya kira shi a waya. Muka yi sallama bai amsa ba. Inna ta wuce ta mayar da ƙwan ƙwarya cikin sheƙa, ta saki agwagwar. Ta yi ɗingishi ta zaga rumbun, ta tsaya tana leƙen lungun kamar ba ta yarda da shi ba, can dai ta shiga ta kwanta.

Ba duka suka tsira ba. Na ƙwarya yawanci ɓaragurbi suka zama, ni na kwashe su na kai bayan gida ina toshe hanci. Na ƙarƙashin kazarmu da ta Mama su ne suka fi fitowa. Da an bar ta a inda take, da kwarin nan ya cika da 'ya'ya a daminar.

Baba ya yi kwanaki ba ya cin tuwon gidan. Ran Juma'a ta gaba sai ga Baffa da Goggo, yayar Baba, da wani dattijo daga gidan gado na Turaki, wai sun zo gyara. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka kira Inna. Ina daga bakin madafa ina ji. Goggo ta ce Inna ta zubar wa ƙanenta da mutunci a gari biyu. Dattijon ya ce mace da abin da ta mallaka ai duk a ƙarƙashin maigida suke, ya manta a masallacinsu ake karanta cewa dukiyar mace tata ce. Baffa ya ce shi ba don agwagwa yake magana ba, don tarbiyyar yara yake yi, ga 'yarta nan ta fara ɗaukar hali. Babu wanda ya ambaci ƙwai ko sau ɗaya. Babu wanda ya tambayi wa yake tashi da asuba. Baba yana zaune kansa a ƙasa yana wasa da carbi, kuma ya fi kowa sanin gaskiya.

Aka ce Inna ta ba da haƙuri. Ta durƙusa ta ce, "Ku yi haƙuri." Aka ce ta ba mijinta. Ta juya ta ba shi. Aka shafa fatiha, fuskoki suka saki, aka fara raha. Sai Baba ya gyara zama ya ɗaga murya ya ce, "To, a kama zakara mana, baƙi ba sa tafi haka ba."

Wallahi na zaci kunnena ne. Inna ta tashi ta shiga akurki ta fito da jan zakaran da take ajiye wa salla. Dattijon ya yanka. Ni aka ba figa. Ina figa, hawaye na zuba cikin ruwan zafi, ina jin dariyarsu. Inna ta yi miya ta tuƙa tuwon shinkafa, na kai musu. Baffa ya tsotse ƙashi ya ce, "Kai, matar nan akwai iya girki, ba don taurin kai ba." Ranar ban ci abinci ba. Inna ta ci gayan tuwo da ɗan romo, ta tashi ta rufe kaji.

Bayan kwana biyu aka aike ni shago kai wa Baba abinci. Na ajiye kwanon ban tafi ba. Ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Akwai magana?" Na ce akwai. Na faɗa masa duk abin da ke raina, ban yi rashin kunya ba amma ban ɓoye komai ba. Sai ya ce lokacin da kakanmu ya rasu suna ƙanana, uban Baffa ne ya riƙe su, shi ya kai shi koyon ɗinki. "Ke yarinya ce," in ji shi. "Mutum da mutane yake. Ranar da kika faɗi, ba kaza ce za ta ɗaga ki ba."

Na ce, "To Baba, ka ɗinka masa riga mana. Ɗinki naka ne."

Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce in ɗauki kwanon jiya in tafi gida.

Na so a ce daga nan ya daina. Bai daina ba. Ya ɗan rage na wata ɗaya ko biyu, baƙi suka ci gaba da zuwa, murya ta ci gaba da fitowa daga zaure. Abin da ya canza daga wajen Inna ne. Da kaka ta yi, ta sa aka kafa mata akurki na kara da tsohon kwano a bayan gidan Mama, suka yi magana a tsakaninsu cewa duk ƙyanƙyasa Mama na da rabonta. Da kaɗan kaɗan ta kwashe iyayen garken ta mayar can, baƙar agwagwar ce ta fara tafiya. A gidanmu ta bar 'yan tsirarun da ta san na baƙi ne. Da Baffa ya sake zuwa ya zaga ya ce, "Ina agwagin nan suka shiga?" Inna ta ce, "Ga waɗanda suke nan." Ya leƙa ta kan dangar Mama ya gan su reras a cikin kwari, amma ba shi da bakin roƙon kayan gidan da ba na ƙanensa ba. Baba ya sani sarai. Bai taɓa tayar da maganar ba, ita ma haka.

Mutane idan na ba su labarin nan sukan yi dariya su ce Inna akwai dabara. Ni ban ga abin dariya ba. Yanzu ina gidana a unguwar Abbare, ina koyarwa, ina da 'yan kajina a bayan ɗaki, kuma tun kafin a ɗaura aure na gaya wa maigidana yadda za a yi da su. Dangin Baba suna ce mini marowaciya, na ji, na kuma amsa. Idan na fara maganar nan a gaban Inna takan katse ni ta ce, "Ubanki ne, ki iya bakinki. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba." Gaskiya ne, kuma wannan ma haushi yake ba ni, don na rasa inda zan ajiye fushin.

Makon jiya na je gaishe su da sassafe kafin in wuce makaranta. An yi ruwa, hanya duk taɓo. Na tarar da Inna a waje, ta tsufa, gwiwa na damunta, tana ɗauke da bokitin dusa a hannu ɗaya, ɗayan tana dafa danga. Ta bar gidan da aka gina da guminta, ta tsaya a ƙofar gidan wata tana sallama, tana jiran a zo a buɗe mata ta shiga ta ba dabbobinta abinci. Na karɓi bokitin na riƙe mata har jikar Mama ta zo ta zare sakata.